Baƙon Tauraron Shekarar 1054 da Gawar da Ya Bari

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin tarihin tauraro guda ɗaya, tun daga asubahin da aka fara ganinsa a cikin shekarar 1054 har zuwa lokacin da masana suka gane ko mene ne shi, watau bayan shekara 900 da 'yan kai. Labarin ya ratsa fadar sarkin Sin da shagunan likitocin Bagadaza da Masar da ɗakunan binciken Turai da Amurka. Abin da zai fito fili a cikinsa shi ne, madubin hangen nesa shi kaɗai bai isa ya warware al'amarin ba, sai da aka koma ga waɗansu takardu da ma'aikatan gwamnati suka rubuta suka adana, alhali kuwa su da wata manufa dabam suka rubuta su.

Kafin a shiga labarin ya kamata a san wurin. Duk wanda ya saba ɗaga kai da daddare a lokacin hunturu ya san taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda malaman hisabi ke ce wa Surayya. Suna cikin burujin Sauru, watau Sa. In aka bar su aka yi gabas zuwa ƙarshen ƙahon San na kudu, akwai wani madaidaicin tauraro wanda Sinawa suke kira Tiyanguwan. Dab da shi abin ya faru. Daga Kano ko Damagaram wannan wuri yakan bi kusan ta tsakar ka a watannin Disamba da Janairu, amma ido ba ya ganin komai a gurbin yanzu, sai da madubi.

Abin da aka gani, da waɗanda suka rubuta

A wancan zamani daular Sung ce ke mulkin yawancin ƙasar Sin, sarkinta Renzong, babban birninta Kaifeng. A fadar akwai ofis guda wanda ba shi da wani aiki sai duban sama da tsara kalanda. Ma'aikatansa albashi ake biyansu, suna da muƙamai hawa-hawa, kuma kwana suke yi suna tsaro bi da bi. Dalili kuwa shi ne, Sinawa sun ɗauka cewa sama madubin mulki ce: in sarki ya yi adalci ta nuna, in ya kauce ta nuna. Saboda haka duk baƙon abin da ya bayyana a sama asirin gwamnati ne, har ma an hana mutane koyon ilmin taurari ba da izini ba.

Da asubahin ranar 4 ga Yuli, 1054, waɗannan ma'aikata suka ga wani tauraro a gabas, kusa da Tiyanguwan, a inda jiya babu shi. Irin wannan yana da suna a wurinsu, baƙon tauraro suke ce masa, domin yakan zo ya yi kwanaki ya tafi. To, wannan baƙo ya fi waɗanda aka saba yi. Sun kwatanta haskensa da na Zara. Kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, sa'an nan ya dinga dushewa sannu a hankali, bai ɓace wa ido ɗungum ba sai cikin watan Afrilu na 1056, watau bayan wata 21.

A cikin watan Agusta na 1054 wani babban masanin taurari na fadar, Yang Weide, ya kai wa sarki rahoto. Ya ce launin tauraron ya yi rawaya-rawaya, rawaya kuwa launin sarauta ne a Sin, don haka alama ce ta cewa akwai wani babban mutumin kirki a ƙasar. Ba sai an faɗi wanda yake nufi ba. Fadanci ne irin na kowace fada. Amma a ƙarshen takardar ya roƙi a miƙa ta ga ofishin rubuta tarihi, aka kuwa miƙa. Fassarar tasa ba ta daɗe a duniya ba, kwanan watan da wurin su ne suka yi rana. Kaifeng ta faɗa hannun abokan gaba a 1127, daular Sung kanta ta ƙare a 1279, amma al'adar Sinawa ce daular da ta gaji wata ta rubuta tarihin wadda ta gada daga cikin takardunta. Ta haka labarin baƙon ya shiga babban tarihin Sung wanda aka kammala a 1345, a zamanin mulkin Mongol.

A Japan ma an gan shi. Labarin ya tsira ne ta hannun wani mawaƙi bafade, Fujiwara no Teika, wanda da tauraro mai wutsiya ya fito a 1230 ya nemi masu duba su kawo masa jerin baƙin taurarin da aka taɓa gani, ya kwafe shi cikin littafinsa na al'amuran yau da kullum.

Shaida ta uku daga ƙasashen Larabawa ta zo, ko da yake sai a 1978 masu bincike suka farga da ita. Ibn Buɗlan likita ne Kirista, mutumin Bagadaza, wanda ya zauna a Masar sa'an nan ya wuce Ƙusɗanɗiniya. Ya rubuta cewa wani tauraro mai ban mamaki ya bayyana a shekara ta 446 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1054, a wajen burujin Jauza'u, maƙwabcin Sauru. Shi da yake likita ne sai ya danganta shi da annobar da ta auka wa Ƙusɗanɗiniya, da kuma ƙarancin ruwan kogin Nilu. Maganar tasa ta tsira a cikin littafin tarihin likitoci na Ibn Abi Usaibi'a, Uyunul Anba'i fi Ɗabaƙatil Aɗibba'i, na ƙarni na 13. Wani abin sha'awa shi ne, babban abokin jayayyar Ibn Buɗlan a Masar, watau likitan nan Aliyu ibn Ridwan, shi ma yana da nasa tauraron. Yana saurayi ya ga wanda ya bayyana a 1006, wanda ya fi kowane haske a cikin duk waɗanda tarihi ya ambata, ya ce girmansa ya ninka na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, haskensa kuma ya ɗara rubu'in na wata. Likitocin nan biyu sun ɓata takarda mai yawa suna zagin juna a kan ko ɗan tsako ya fi ɗan tsuntsu zafin jiki. Masu ilmin taurari na yau ba su damu da wanda ya yi nasara ba, 'yan layukan da kowannensu ya rubuta a gefe su ne abin nemansu.

Daga Turai kuwa babu wani bayani na 1054 wanda masana suka haɗu a kan amincewa da shi. A wannan wata na Yuli ne wakilan Paparoma suka shiga babbar majami'ar Ƙusɗanɗiniya suka ajiye takardar da ta raba cocin Roma da ta gabas, watau hankalin malaman coci yana ƙasa. Bugu da ƙari, koyarwar Arisɗo da suke bi ta ce saman da ke bayan wata ba ta sakewa har abada. Wanda ya riga ya tabbata cewa abu ba ya yiwuwa, da wuya ya ɗauki alƙalami ya rubuta shi. Sai a watan Nuwamba na 1572 Tycho Brahe, mutumin Denmak, ya ga wani sabon tauraro, ya auna shi dare bayan dare, ya nuna cewa ba ya gusawa daga gurbinsa, don haka yana can nesa bayan wata. Johannes Kepler ya ga wani a 1604. Daga wannan ba a sake ganin irinsa da ido ba a cikin babban garken taurarin da rana take ciki, har yau. Shekara huɗu kacal bayan na Kepler aka ƙago madubin hangen nesa a Holan.

Hazon Ƙaguwa

A 1731 wani likitan Ingila, John Bevis, ya hangi wani ɗan tabo mai kama da hazo kusa da ƙahon Sa. A 1758 Charles Messier na Faransa, yana neman tauraro mai wutsiya na Halley wanda aka yi hasashen komowarsa, ya ci karo da tabon nan ya zaci shi ne. Da ya ga ba ya motsi sai ya ƙudurta tsara jerin irin waɗannan abubuwa don kada su sake ruɗa shi, ya sa wannan a lamba ta ɗaya. Wajen 1844 Lord Rosse, wani attajiri a Ailan, ya zana hotonsa da waɗansu zare-zare kamar ƙafafu, aka sa masa suna Hazon Ƙaguwa. Ba ya kama da ƙaguwa ko kaɗan, amma sunan ya bi shi. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya san akwai wata takarda a Sin.

A 1921 abubuwa biyu suka zo tare. A Amurka John Duncan ya gwada hoton hazon da aka ɗauka a 1909 da wanda ya ɗauka, ya ga zare-zaren suna ƙara nisa daga tsakiya, watau hazon kumbura yake yi. A wannan shekara kuma Knut Lundmark na Suwidin ya buga jerin baƙin taurarin da Sinawa suka ambata, ya lura cewa na 1054 yana wajen hazon. A 1928 Edwin Hubble ya haɗa biyun: in aka mai da kumburin baya, kamar mai nannaɗe tabarma, komai zai taru wuri guda kimanin shekara 900 da suka wuce. Tabbatarwar ta zo a 1942, ana tsakiyar yaƙi. Jan Oort, masanin taurari a Laiden ta Holan wadda Jamusawa suka mamaye, ya nemi abokin aikinsa J. J. L. Duyvendak, masanin harshen Sinanci, ya tono duk abin da tsofaffin littattafai suka faɗa. Nicholas Mayall kuma ya auna saurin hazon daga Kalifoniya. Aikin ya buƙaci mai karanta tsohon rubutu daidai da yadda ya buƙaci mai madubi. Akwai ɗan saɓani guda, domin tarihin Sung ya sa baƙon kudu maso gabas da Tiyanguwan, hazon kuwa yana arewa maso yamma da shi. Yawancin masana sun ɗauke shi kuskuren mai kwafe, tun da babu wani abu a wajen da zai iya zama ragowar irin wannan haske.

Ma'aunin da aka samu daga baya ya nuna girman al'amarin. Nisan hazon kimanin shekarar haske 6,500 ne, watau tafiyar da haske zai yi cikin shekara 6,500, yana cin kilomita 300,000 kowane sakan. Ma'anarsa, hasken da ma'aikatan Kaifeng suka gani ya baro gida tun kafin a gina dalar Fir'auna ko guda. Faɗin hazon ya kai shekarar haske 11, kuma yana watsuwa da saurin kimanin kilomita 1,500 a sakan.

Yadda tauraro ke mutuwa

A nan dole a dakata a duba abin da masana kimiyya suke ciki a shekarun 1930. Tauraro kokawa ce tsakanin abu biyu: nauyinsa yana jan komai zuwa tsakiya, wutar da ke cikinsa tana tura komai waje. Wutar tana samuwa ne daga haɗewar ƙananan ƙwayoyin zarra su zama manya, haidirojin ya koma hiliyam, da haka da haka. Tauraro madaidaici kamar rana, in makamashinsa ya ƙare, yakan takure ya zama abin da ake kira farin wada, mai girman wannan duniya. A 1930 wani ɗalibi Ba'indiye ɗan shekara 19, Subrahmanyan Chandrasekhar, yana cikin jirgin ruwa zuwa Ingila, ya lissafa cewa farin wada yana da iyaka. Daga baya aka tsai da ita a kan nauyin rana sau 1.4. In ya wuce haka ba zai iya ɗaukar kansa ba. Babban malamin fannin a Ingila, Arthur Eddington, ya yi masa ba'a a bainar jama'a a 1935. Ɗalibin ne ke da gaskiya.

A 1932 James Chadwick ya gano niyutiron a Kembirij, wata ƙwaya da ke cikin cibiyar zarra. Ba a yi shekara biyu ba Walter Baade, Bajamushe, da Fritz Zwicky, mutumin Suwizalan, dukansu suna aiki a Kalifoniya, suka fito da wata magana mai ƙarfin hali. Suka ce akwai wata irin fashewa wadda ta fi duk waɗanda aka sani, suka sa mata suna sufanoba, suka ce ita ce mutuwar babban tauraro, kuma abin da take bari dunƙule ne na niyutiron zalla. A yau an san yadda abin yake. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye yakan ci gaba da ƙona abin da ke cikinsa har ya kai ga baƙin ƙarfe, shi kuwa ƙarfe ba ya ba da wuta. Sai cibiyar ta rufta cikin ƙasa da sakan guda, ta dunƙule, sauran jikin kuma ya tarwatse. Tarwatsattsen jikin shi ne hazo, dunƙulen shi ne tauraron niyutiron. Nauyinsa ya fi na rana, amma faɗinsa kimanin kilomita 20 ne, tafiyar da mai keke zai yi cikin sa'a guda da 'yan mintoci. Ɗan gutsurensa kamar ƙwayar sukari ya fi tan miliyan 100. Ba kowace sufanoba ke barin irin wannan gawa ba. Ta 1006 da ta Tycho da ta Kepler fashewar farin wada ne, wanda yakan ƙone ƙurmus bai bar komai a tsakiya ba. Ta 1054 ce ta bari.

Robert Oppenheimer da ɗalibinsa George Volkoff sun yi lissafin irin wannan tauraro a 1939, sa'an nan maganar ta kwanta kusan shekara 30, domin kowa ya ɗauka abu mai wannan ƙanƙanta ba zai taɓa ganuwa ba. Shi kuwa hazon bai daina ba da wuya ba. A 1942 Baade da Rudolph Minkowski suka nuna wani ɗan tauraro a tsakiyarsa wanda haskensa bai yi kama da na kowa ba. A 1949 aka gano daga Ostareliya cewa hazon yana fitar da igiyoyin rediyo. A 1953 Iosif Shklovsky na Tarayyar Sobiyat ya ce hasken nasa daga ƙwayoyin lantarki yake fitowa, masu gudu kusa da saurin haske a cikin maganaɗisu. To, irin waɗannan ƙwayoyi ƙarfinsu ba ya daɗewa. Wa ke sabunta su bayan shekara 900?

A nan ne takardar Kaifeng ta yi aikinta mafi girma. Da aka auna gudun zare-zaren sosai aka mai da shi baya, kamar yadda Virginia Trimble ta yi a 1968, sai lissafin ya tsaya wajen shekarar 1140, ba 1054 ba. Da babu kwanan watan Sinawa, da sai a ce fashewar a 1140 ta faru, a rufe littafi. Amma da yake an san ranar, wannan giɓi na kusan shekara 90 ya zama hujja: hazon ƙara sauri ya yi bayan fashewar, watau akwai wani abu a ciki wanda har yanzu yake tura shi. A 1967 Franco Pacini na Italiya ya riga ya ce tauraron niyutiron ne mai juyawa.

Bugun da aka ji a Kembirij

A wannan shekara ta 1967 wata ɗaliba mai neman digirin dakta, Jocelyn Bell, 'yar Ailan ta Arewa, tana kula da wata na'urar sauraron rediyo wadda ita da 'yan'uwanta ɗalibai suka kafa da hannunsu a wani fili mai fiye da eka huɗu, a ƙarƙashin malaminta Antony Hewish. Na'urar takan zana abin da ta ji a kan takarda mai tsawon kimanin mita 30 kowace rana, ita kuwa da ido take bi. A watan Agusta ta lura da wani ɗan zane wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, yana komowa daga wuri guda na sama. Ranar 28 ga Nuwamba ta kama shi sosai: bugu ne kamar na jijiya, sau ɗaya kowane sakan 1.337, ba ya saɓawa. Har sun yi masa laƙabi na wasa da ke nufin waɗansu halittu ne ke aiko da saƙo. Da ta sami na biyu a wani ɓangaren sama dabam, wannan zato ya faɗi. Aka buga labarin a Fabrairu, 1968, aka sa wa irin waɗannan taurari suna falsa, watau mai bugawa.

Thomas Gold ya ce tauraron niyutiron ne mai juyawa, yana watsa haske ta gefe biyu kamar fitilar da ake wulwulawa, kuma ya yi hasashen cewa za a ga yana rage sauri. Waɗansu suka ce farin wada ne. Hazon Ƙaguwa ne ya raba gardamar. A ƙarshen 1968 aka ji bugu daga cikinsa a Green Bank ta Amurka, aka auna shi a Arecibo ta Puerto Rico: sau 30 a sakan guda. Farin wada in ya yi irin wannan juyi tsintsinkewa zai yi. A Janairu, 1969, aka gani daga Arizona cewa ɗan tauraron nan na Baade da Minkowski shi ne ke ƙyaftawa, shekaru ana kallonsa ba a sani ba domin ido ba ya rarrabe irin wannan sauri. Aka kuma tarar yana rage gudu kamar yadda Gold ya ce, juyi guda yana ƙara tsawo da kimanin kashi 36 cikin biliyan na sakan kowace rana. Da aka lissafa ƙarfin da yake asara ta wannan hanya, sai ya zo daidai da abin da hazon yake bukata don ya yi haske ya kuma ƙara sauri.

A 1974 aka ba Hewish da Martin Ryle lambar Nobel, ba a sa sunan Bell ba. Fred Hoyle ya fito fili ya ce ba a kyauta ba, kuma da wuya mai adalci ya ce ya yi ƙarya, ko da yake ita kanta ba ta riƙe abin a zuci ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta ba da ita duka don a biya wa ɗalibai mata da marasa galihu kuɗin karatun kimiyya.

Abu guda ya rage, shi ne a ga rufta cibiyar tana faruwa. Ranar 23 ga Fabrairu, 1987, hasken wata sufanoba ya iso daga wani ƙaramin garken taurari maƙwabci, mai nisan shekarar haske 168,000, aka fara ganinta daga Chile. Ita ce ta farko da ido ya gani tun bayan ta Kepler. 'Yan sa'o'i kafin hasken, waɗansu na'urori da aka binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyat sun kama waɗansu ƙwayoyi da ake kira niyutirino, ba su wuce 25 ba, cikin kimanin sakan 13. Su ne lissafi ya ce za su fito a lokacin da dunƙulen niyutiron ke samuwa. Shi kansa dunƙulen ƙura ta rufe shi, aka yi ta nema shekara 37, sai a Fabrairu, 2024, masu aiki da madubin James Webb suka ba da sanarwar cewa sun ga iskar da ke tsakiyar wurin tana haske irin wanda sai wani abu mai tsananin zafi a cikinta zai iya sa ta yi.